Ranar 24 ga Afrilu: Bikin Haɗin Kan Ƙasa a Tsakiyar Bazara

Idan watan Afrilu ya kama a ƙasar Nijar, bazara ta kankama ke nan. Rana takan take tun da hantsi, zafi ya haura digiri 40, tabkuna su ƙafe, ciyawar bara ta ƙare a daji. Manomi a Gobir ko a Damargu yana sassabe da kai taki gona, yana leƙa rumbu yana ƙiyasta ko hatsin da ya rage zai kai shi faɗuwar ruwa. Makiyayi kuwa a Azawak yakan wuni bakin rijiya yana jiran zuwan nasa lokaci, raƙumi ko jaki na jan wasaki daga ƙasa mai zurfi. A al'adar mutanen karkara, wannan ba lokacin shagali ba ne. Wasannin manoma na kaka ne, babban taron makiyaya kuma na ƙarshen damina ne, sa'ad da dabbobi suka ƙoshi aka haɗu a Ingal domin lasar gishiri. Duk da haka, a tsakiyar wannan ƙunci tarihi ya dasa wa ƴan Nijar ranar hutu, wato 24 ga Afrilu, Ranar Haɗin Kan Ƙasa, wadda aka ware domin tunawa da yarjejeniyar zaman lafiya ta shekarar 1995.

Ranar ta ƙasa baki ɗaya ce a rubuce, amma a aikace tana da gida. Gidanta shi ne Cintabaradan, wani gari na makiyaya da ke arewacin jihar Tawa. A garuruwan kudu kuwa, daga Dogon Dutsi zuwa Magarya, mutane da yawa sun ɗauke ta a matsayin bikin mutanen arewa, ranar da ake rufe lakwal da ma'aikatu a huta. Wannan fahimta ta taƙaita tarihin ranar ƙwarai, domin wutar da aka kashe a 1995 ta ƙona har kudu, zumuncin da aka gyara kuma ya girmi gwamnatin da ta sa hannu da ƙarnoni masu yawa.

Zumuncin da ya girmi takarda

Tarihin baka na Gobirawa yana cewa kakanninsu sun zauna a duwatsun Abzin kafin su gangaro kudu. Sarautar Agadas ta kafu a farkon ƙarni na 15, kuma har yau Hausa ce harshen kasuwa da na gidaje masu yawa a cikin tsohon birnin. A ƙarshen ƙarni na 17, Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci ƙasar Adar, daga gare shi ne gidan sarautar Adar ya samo asali. Cikin ƙarni na 18 kuma Abzinawan Kel Geres suka sauko suka zauna a yankin Madawa, maƙwabta da manoma Hausawa. Wannan tarihi yana da yaƙe-yaƙe da hare-hare da bauta a cikinsa, ba a ɓoye wannan. Amma abin da ya fi yawa a cikinsa shi ne ciniki da auratayya da dogaro da juna.

Babbar shaida ita ce ayarin gishiri. Da kaka, wajen watan Oktoba, raƙuma kan taso daga Abzin ɗauke da hatsi, su ƙetare hamadar Tenere zuwa Fashi da Bilma. A can ake musayar hatsi da kantun gishiri da dabino. Bayan ayarin ya komo ya huta, sai ya nufi kudu, zuwa Damargu da Damagaram da Tasawa, har Kano. A nan masu raƙuma kan yi rani. Kowane madugu yana da mai masaukinsa, sau da yawa gado ne daga uba zuwa ɗa. Raƙuma su ci kara da harawa a gonar manomi, su bar masa taki. Manomi ya sami gishirin dabbobinsa da na miyarsa, baƙo ya sami hatsin shekararsa. Kafin ruwa ya sauka ayarin ya juya arewa. Ko rawanin turkuɗi mai ƙyalli da Ba'abzine yake alfahari da shi ranar biki, marinan Kura ta ƙasar Kano ne suka rina shi suka buga shi. Wanda ya dubi wannan zai gane cewa arewa da kudu tamkar hannu biyu ne na mutum guda, ɗaya na wanke ɗaya.

Mulkin mallaka ya girgiza wannan tsari. Daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, Kawusan tare da goyon bayan Sarkin Agadas Tagama ya tsare barikin Faransawa a Agadas. Ramuwar da ta biyo baya ta yi tsanani: an kashe mutane, an ƙwace raƙuma, Abzin ta yi shekaru ba ta farfaɗo ba. Makarantun boko kuma ba su yaɗu tsakanin makiyaya kamar yadda suka yaɗu a wasu yankuna ba. Saboda haka, lokacin da ƙasa ta sami ƴancin kai a 1960, ƴaƴan makiyaya kaɗan ne a cikin ma'aikatun gwamnati da manyan muƙaman soja.

Daga fari zuwa tawaye

Farin 1973 da 1974, sannan na 1984 da 1985, ya halaka garke masu ɗimbin yawa. Manomi idan damina ta ɓaci yana da gonarsa, yana jiran baɗi. Makiyayi idan dabbobinsa suka mutu, ya rasa gonar da irin gaba ɗaya. Dubban samari suka bazama Aljeriya da Libiya neman abin yi, har aka laƙaba musu suna «ishumar», daga kalmar Faransanci mai nufin marar aiki. Wasunsu sun sami horon soja a Libiya. A daidai wannan zamani ana haƙar uraniyom a Arlit tun 1971, manyan motoci na ratsa ƙasar makiyaya da shi zuwa kudu, su kuwa mazauna yankin suna ganin ba su amfana da shi yadda ya kamata ba.

Bayan rasuwar Shugaba Seyni Kunce a Nuwamba 1987, magajinsa Ali Shaibu ya yi kira ga waɗanda suka yi gudun hijira da su komo gida. Dubbai suka amsa, aka sauke da yawansu a sansanoni a kewayen Cintabaradan. Taimakon da aka yi musu alkawari bai iso yadda suka zata ba, ƙorafi ya yawaita, aka kama wasu. A farkon watan Mayu 1990, wasu matasa suka kai hari kan jami'an tsaro a garin. Sojojin da aka tura suka mayar da martani a kan fararen hula a Cintabaradan da zangunan da ke kewaye. Har yau ba a daidaita kan yawan mamatan ba: hukumomin lokacin sun ambaci gommai, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da dangin mamata sun ambaci ɗaruruwa, wasu ma fiye da haka.

Gagarumin Taron Ƙasa da aka yi a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 ya saurari batun a bainar jama'a, ƴan ƙasa suka ji ta rediyo abin da aka daɗe ana raɗawa. Sai dai hukuncin da ya biyo baya bai gamsar da waɗanda aka zalunta ba. Kafin shekarar ta ƙare, ƙungiyar ƴan tawaye ta farko, FLAA, ta bayyana a ƙarƙashin Risa Ag Bula. A watan Agusta 1992 sojoji suka kama Abzinawa fiye da ɗari a Agadas da wasu garuruwa, cikinsu har da ma'aikatan gwamnati da sarakunan gargajiya, abin da ya ƙara wa wutar mai.

Abin lura shi ne, a cikin makon ƙarshe na wannan Taron Ƙasa, wani bala'i ya auku a kudu. A ƙarshen Oktoba 1991, a Toda ta jihar Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya yi sanadin kisan Fulani fiye da 100, mafi yawansu mata da yara. Toda ba ta cikin yarjejeniyar 1995, ba ta kuma da alaƙa da tawayen arewa. Amma ta nuna cewa ciwon rashin jituwa ba na yanki guda ba ne, kuma duk inda gona da garke suka matsu a kan ƙasa guda, jini na iya zuba.

Yaƙin ya taɓa rayuwar yau da kullum ta mutanen kudu ta hanyoyi masu yawa. Hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit ta koma sai da rakiyar soja, motoci su jeru su jira ranar tafiya. Direbobi da fatake daga Maraɗi da Damagaram sun yi asarar kaya da motoci, wasu sun rasa rayuka. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da aka tura arewa sun yi zaman ɗar-ɗar. Sojojin da suka mutu a duwatsun Abzin ƴaƴan kowane yanki ne. Baƙi masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, maƙeran azurfa da dukawan Agadas suka rasa kasuwa. Sa'ad da aka karya darajar kuɗin sefa a Janairu 1994, talauci ya haɗu da rashin tsaro.

Yarjejeniyar da abin da ta ƙunsa

Ƙasashe uku ne suka shiga tsakani: Aljeriya da Burkina Faso da Faransa. An cimma matsaya ta farko a Wagadugu ranar 9 ga Oktoba 1994. A watan Afrilu 1995 aka kammala tattaunawa a can, sannan ranar 24 ga wata aka yi bikin sa hannu a Yamai tsakanin gwamnati da ƙungiyar ORA ta Risa Ag Bula, zamanin Shugaba Mahaman Usman da Faraminista Hama Amadu. Yarjejeniyar ta tanadi tsagaita wuta, da afuwa ga ɓangarorin biyu, da komo da ƴan gudun hijira, da ɗaukar tsofaffin ƴan tawaye aikin soja da sauran ayyukan gwamnati, da raya yankunan da yaƙi ya shafa, da kuma miƙa wa yankuna ikon tafiyar da harkokinsu. Ita ce kuma ta tanadi a ware rana domin sulhun ƙasa da tunawa da waɗanda suka rasa rayukansu.

Sa hannu ɗaya bai kashe wutar ba. Mano Dayak, ɗaya daga cikin jagororin tawayen, ya rasu a haɗarin jirgin sama a Abzin ranar 15 ga Disamba 1995. Sai da aka ƙara wata yarjejeniya a Aljeriya a Nuwamba 1997, da wata a Njamena a Agusta 1998 tare da ƴan tawayen Tubawa na gabas. Ranar 25 ga Satumba 2000, zamanin Shugaba Tanja Mamadu, aka tara makamai aka ƙone su a Agadas a gaban jama'a. Zaɓen ƙananan hukumomi, wanda shi ne ƙashin bayan alkawarin 1995, bai tabbata ba sai a 2004. Wannan kuwa riba ce da ta kai kowane lungu: magajin garin da aka zaɓa a wancan zamani a wani ƙauyen Gobir ko na Arewa, wani ɓangare na kujerarsa daga teburin Wagadugu ya fito.

Yadda ake bikin a Azawak

A shekarun da suka biyo baya, Cintabaradan ta zama mahaɗar bikin, garin da ciwon ya fara ya zama wurin da ake nuna waraka. Tun kwanaki kafin ranar, mahaya kan taso daga zanguna masu nisa, daga wajen Abalak da Tasara da Tiliya. Ana wanke raƙuma, a ɗora musu sirdi mai ƙaho uku da kayan fata masu tuntaye ja da kore. Maza su naɗa turkuɗi, su ja amawali ya rufe baki, su rataya takobi. Mata su kafa tantunan fata, su fito da cuku da nono, a ɗora shayi a kan gawayi, a sha shi zubi uku kamar yadda aka saba, na farko mai ɗaci, na ƙarshe mai zaƙi.

Zuciyar shagalin ita ce tande. Turmi ne na daka ake rufe bakinsa da fatar akuya, a ɗaure da taɓare biyu, ana yayyafa wa fatar ruwa domin sautin ya zauna. Mata su zauna a kewaye suna tafi, zabiya tana bayarwa suna amsawa, mahaya kuma su riƙa zagaye su, raƙuma na taku daidai da kiɗan. Daga nan sai sukuwar raƙuma, inda ake gane gwanin horo. Samarin Fulani Wodaɓe su jeru da kwalliyarsu su yi rawa, Larabawan Azawak su zo da nasu raƙuman, ƴan kasuwa Adarawa daga Tawa su baje yadi da goro da sukari da kilishi. Manyan jami'an gwamnati da sarakuna su yi jawabai a rumfa. Da dare kuma sai jita. Wannan kiɗa yana da nasa tarihin: a shekarun tawaye, kaset-kaset na Abdalla Umbadugu a ɓoye ake sauraren su, bayan yarjejeniyar kuwa ya komo gida ya yi wasa a fili. Tsofaffi su kuma sun fi son imzad, gogen mata mai tsirkiya ɗaya, wanda UNESCO ta sa cikin jerin gadon al'adun duniya a 2013.

Sai dai kada ƙyallin biki ya rufe ido. Mahayin da ya zo sukuwa ya bar ƙanensa a bakin rijiya, domin dabba ba ta san ranar hutu ba. Raƙumin da ya yi tsere a Afrilu yana cikin watan da kiwo ya fi wuya. Zuwan makiyayi irin wannan taro a tsakiyar bazara sadaukarwa ce, kuma ma'auni ne na muhimmancin da ya ba ranar.

A garuruwan kudu

A Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, ranar ta saba ɗaukar wata siffa. Akan saurari jawabin hukuma a Muryar Sahel, ƙungiyoyin matasa su shirya ƙwallon ƙafa ko tseren gudu ko kokowa, ƙungiyoyin al'adu su yi wasan kwaikwayo. Samari su wuni a fada suna shan shayi, wanda shi kansa al'ada ce da ta gangaro daga arewa ta zauna. Idan ranar ta dace da ranar kasuwa, kasuwa na ci. Manomi kuma yana gonarsa yana ƙona sassabe.

Abin da ya fi ba ranar ɗanɗanon gida shi ne wasan taubasai. Bagobiri da Bazabarme, Bafillace da Ba'are, Bafillace da Babarbare, Ba'abzine da Bazabarme, kowanne yana da izinin tsokanar ɗan uwansa, ya kira shi bawansa, ya yi masa ba'a kan abincinsa ko tsoronsa, ba mai fushi. Bayan dariyar akwai sharaɗi mai nauyi: taubashi ba ya cutar da taubashinsa, kuma idan rigima ta tashi yana da bakin shiga tsakani. A watan cika-ciki ake biyan kuɗin shara tsakanin abokan wasa. A 2014 UNESCO ta amince da wannan al'ada ta Nijar a matsayin gadon ƴan Adam. Bahaushe ya ce tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Kakanni sun san haka, shi ya sa suka tanadi hanyar huce haushi tun kafin a zare takobi. Amma tarihin 1990 da na 1991 ya nuna iyakarta: wasa yana sanyaya zuciya, ba ya maye gurbin adalci a rabon ruwa da makiyaya da aikin yi.

Abin da ranar take ɗauke da shi

A Fabrairu 2007 aka kai hari a Iferwan, sabon tawaye na ƙungiyar MNJ ya tashi, bai lafa ba sai a 2009. Cikin dalilan da ƴan tawayen suka bayar har da rashin cika alkawuran 1995 da batun rabon arzikin uraniyom, ko da yake dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ma'adinai domin ƙananan hukumomin yankin da ake haƙa. Masu shakka suka ce ashe bikin banza ake yi. Amma a 2012, lokacin da arewacin Mali ya faɗa hannun masu ɗauke da makamai, arewacin Nijar bai bi sahu ba. A lokacin, Birji Rafini, ɗan Iferwan, shi ne faraminista, muƙamin da ya riƙe daga 2011 zuwa 2021, tsofaffin ƴan tawaye kuma suna cikin zaɓaɓɓun majalisun jihohi da na ƙananan hukumomi. Yarjejeniyar ta yi jinkiri, ta yi tuntuɓe, amma ta buɗe ƙofar da mutane suka shiga.

Barazana kuma ta sake kama. Ranar 21 ga Maris 2021, ƴan bindiga masu iƙirarin jihadi suka kashe mutane 137 a zangunan yankin Tiliya, a cikin wannan Azawak ɗin da ake sukuwar raƙuma. Maharan wannan karo ba ƴan tawayen 1990 ba ne, manufarsu ma daban ce, amma suna cin gajiyar duk wata ɓaraka da suka tarar tsakanin ƙabila da ƙabila, ko tsakanin talaka da hukuma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Afuwar 1995 ta rufe ƙofar kotu domin a sami zaman lafiya. Da aka rufe wannan ƙofa, nauyin tunawa da mamata ya koma kan ranar 24 ga Afrilu da kan masu koyar da tarihi. Mafi yawan ƴan Nijar na yau bayan 1995 aka haife su. Yaron da ya san ranar da hutu kawai, ko da hoton raƙuma a talabijin, bai gaji komai daga cikinta ba, kuma shi ne wanda gobe za a iya gaya masa cewa maƙwabcinsa baƙo ne a ƙasar.

Kayan koyarwar kuwa suna nan kusa. A ƙauyuka da yawa na Damargu da Adar akwai tsofaffin da suka sauki ayari a gidajensu, suna tuna sunan madugun da ke zuwa musu kowace shekara. Akwai direbobin da suka bi rakiyar soja, da matan da suka jira su. Akwai tsofaffin sojoji da tsofaffin ƴan tawaye da yanzu suke sallah a masallaci guda. Malamin da ya aiki ɗalibansa su tambayi kakanninsu daga ina gishirin dabbobinsu yake zuwa a da, wane ne taubashin gidansu, kuma ina suke a watan Mayu 1990, ya rubuta amsoshin ya adana, ya yi wa ranar hidimar da ta fi jawabi. Ƙungiyar al'adu da ta ɗauki muryoyin waɗannan dattawa kafin ƙasa ta rufe musu ido ta ajiye wa ƴan baya abin da babu shi a kundin gwamnati. Waiwaye adon tafiya ne, in ji masu iya magana. A wannan batu kuwa ya wuce ado, shi ne ke nuna wa matafiyi ramin da ya taɓa faɗawa.